Ranar da Aka Sauke Firji

"A ƙasa za ki ajiye shi, maƙwabciya," in ji Douwe. "Ba kan tebur ba. Kan katakon daɓe."

Na buɗe jakata na ciro kofin shayi da ɗan farantinsa, na durƙusa a tsakiyar shagon kayan kiɗa, gwiwoyina suna ƙara, na ajiye shi inda ya nuna. Mai shagon, wata doguwar mata da ake kira Nienke, ta dubi kofin ta dube ni. Wanda ya daɗe yana sayar wa makaɗa kaya a Amsterdam ya ga abin da ya fi wannan.

Douwe maƙwabcina ne. Yana bene na ƙarshe, ni ina ƙasansa, tun 'ya'yana suna makaranta. Makaɗin jitar bas ne, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba ta da aiki sai gurnani. Duk zamanmu ban taɓa jin kiɗansa yadda mutane ke ji ba. Ta rufin ɗaki yake sauko mini, ya bi bango ya shiga kabad, kofunana su kama rawa suna ƙara. In abin ya ishe ni sai in ɗauki sandar tsintsiya in buga rufi. Shi kuma ya amsa da gurnani biyu, ya ɗan rage, an jima ya koma inda yake. Haka muka tsufa.

A farkon bazarar nan abu biyu suka same shi. Amfilifayarsa, na'urar ƙara sautin jita ta zamanin da, mai ƙwayayen gilashi a ciki, ta yi hayaƙi ta mutu, har warin ya sauko mini na ɗauka burodi ya ƙona. Likita kuma ya gaya masa zuciyarsa ta gaji, kada ya sa rai da ganin sanyin bana. Da ya zo ba ni labari a bakin ƙofata, maganar amfilifaya ce ta ci rabin hirar.

Abu ɗaya yake so. A ƙarshen bazara layinmu yakan yi biki, a rufe titi, a fito da tebura, kowa ya kawo abin da ya dafa. Yana so ya yi kiɗa a wurin tare da tsofaffin abokansa, sau ɗaya, kafin ya tafi. Kuma da ni za a je zaɓen sabbin kaya.

"Ni Riek, me ya haɗa ni da sayen amfilifaya?" na ce.

"Duk garin nan babu wanda ya saurare ni kamarki."

"Ai dole aka yi mini."

"To dolen ce ta sa kika ƙware. Ki taho da kofi ɗaya."

Shi ya sa muka tsinci kanmu a shagon Nienke. Bertus, abokinsa mai ganga, shi ya kawo shi a cikin akwatin keken kaya, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo kamar jikan wani, yana ta ɗaga wa mutane hannu a hanya.

Nienke ta fara da wata 'yar ƙarama, amfilifaya da lasifika a akwati guda, wadda ko ni zan iya ɗauka da hannu ɗaya. Douwe ya zauna kan kujera ya ɗora jita a cinya, ya soka waya, ya ja tsirkiya. Sauti ya fito tsaf, ba laifi. Duk muka zuba wa kofi ido. Ko motsi bai yi ba.

"Wannan ta ɗaki ce," in ji Douwe. "Ta mai tsoron maƙwabta."

"Da ita ka saya tun farko da ban yi furfura da wuri ba," na ce.

Aka gwada wata mai ƙananan lasifika huɗu. Nienke ta ce irin wannan tana fitar da kowane bugu daban, ba ya cakuɗewa. Gaskiyarta, amma kofi na nan zaune kamar an ba shi ajiya. Aka kawo mai babbar lasifika ɗaya, faɗinta kamar tiren kek. Da ita kofin ya ɗan yi tari sau ɗaya ya yi shiru.

"Yaya, maƙwabciya?"

"Ko tsintsiya ba zan ɗauka a kan wannan ba."

Bertus, da ke cin ɗanyen kifi da albasa a bakin ƙofa don Nienke ta hana shi shiga da shi, ya leƙo ya ce, "Wai me zai hana mu ari ta abokin kiɗanmu mai ƙaramar jita? Ai duk amfilifaya amfilifaya ce."

"Ka ara in kana so ku ɓata da mai ita," in ji Nienke. "Bas iska yake turawa, Kawu Bertus. Lasifikar ƙaramar jita ba za ta kai waƙa biyu ba za ta yage." Ta juyo wajen Douwe. "Kuma in gaya maka gaskiya, Kawu, a titi za ku yi. Babu bango, babu rufi da zai maido maka sauti. Abin da kake nema sai babban akwati, babban akwati kuma ba naka ba ne yanzu, ba ka da ƙirjin ɗaukarsa."

Douwe ya zare wayar a hankali ya fara naɗe ta a hannu. Na ji numfashinsa yana fita da ƙyar, na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mutumin da na yi shekaru ina roƙon ya yi shiru, yau ya yi, sai na ji ban so ba ko kaɗan.

"Bertus, kawo keken," ya ce. "Mu tafi gida."

"Tsaya tukuna," na ce. "Wai Firji ma ya ƙone ne?"

"Wane firji?" in ji Nienke.

Na gaya mata. Akwatin lasifikar Douwe ne, baƙi, tsayinsa ya kai kafaɗata, da lasifika takwas a cikinsa, shi ya sa muke ce masa Firji. Na sha ganinsa in na hau kai ƙara. Yana tsaye daidai saman kabad ɗina.

"Lafiyarsa lau," in ji Douwe. "Amfilifayar da ke kansa ce ta mutu. Amma ta taga aka ja shi da igiya muna samari, matakalarmu ko katifa ba ta bi. Tun da bayana ya lalace bai sake ganin titi ba. Wa zai sauke shi?"

"Kada ka kalle ni," in ji Bertus. "Ni na ja shi sama, har yau ina jin abin a ƙuguna."

Nienke ta riga ta shige ciki. Ta dawo da wani ɗan abu da bai fi burodi girma ba, ta ɗora wa Douwe a cinya. Amfilifaya ce ita kaɗai, ba lasifika.

"Om nawa aka rubuta a bayan Firjin? Ma'aunin lantarkinsa nake nufi."

"Huɗu."

"To sun dace. Wannan abin kamar aure ne, in ba su dace ba ɗaya zai ƙona ɗaya." Ta ɗaga masa yatsa. "Amma ka ji ni da kyau. Yarinyar nan ta fi tsohuwarka ƙarfi nesa, takardar lasifikarka kuma ta tsufa. Kada ka murɗa ta wuce rabi."

Douwe ya ɗaga 'yar amfilifayar yana jin nauyinta, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Tsoho da amarya," ya ce. "Da tsohuwar zuma ake magani, maƙwabciya. Ɗauki kofinki."

Ranar biki da safe aka cire tagar ɗakinsa gaba ɗaya. Aka rataya taya da igiya a ƙugiyar jan kaya da ke saman gida, irin ta tsofaffin gidajen Amsterdam, wadda rabon a taɓa ta tun da aka shigo mini da kabad. Mazan layi suka jeru a ƙasa riƙe da igiya, Bertus yana ba da umarni hannunsa a ƙugu, bai taɓa komai ba. Ni aka ba aikin tagar tsakiya, in tokare kayan kada ya bugi bango. Da me zan tokare in ba da sandar tsintsiyata ba?

Firji ya fito ta taga yana juyawa a iska, ƙura na zuba daga bayansa. Da ya iso daidai fuskata na tsaya na kalle shi da kyau. Ashe har da tabon kofin gahawa a kansa.

"Kai ne ko?" na ce masa. Na sa sanda na tura shi, ya wuce lafiya.

Douwe kuwa da zaune ya sauko matakala, yana hutawa, yana ƙwala umarnin da babu mai jinsa. Da ya iso ƙofata ya jingina da bango ya ce, "Ya fi ni sauƙin sauka. Maƙwabciya, in lokaci ya yi, ni ma ta can za a sauke ni. Kada ki bari su ja ni a matakalar nan kamar buhun dankali."

"Ka bari mu ga yau tukuna," na ce, na kama masa hannu.

Da rana layi ya cika. An jera tebura daga wannan kai zuwa wancan, ga cuku, ga kek ɗin tuffa, ga soyayyen dankali, yara na zane da alli a kan titi. Aka tsayar da Firji a gindin bishiya, 'yar amfilifayar tana kansa kamar tsuntsu a bayan saniya. Nienke ta rufe shago ta zo, ita ta haɗa wayoyi da hannunta, ta murɗa zuwa rabi, ta harari Douwe. Aka zaunar da shi a kujera mai hannu. Bertus ya buga sandunansa, suka fara.

A nan na gane abin da ban sani ba duk shekarun nan. Ni rabin kiɗan kawai nake samu, na ƙasa, babu ganga, babu murya. Na ɗauka mutumin gurnani kawai yake yi don ya ɓata mini rai. Ashe a kan gurnanin nan komai yake zaune. Shi ke shiga tafin ƙafa ya hau gwiwa. Na ga matar likitan haƙori, wadda ko gaisuwa sai ta ga dama, ta tuɓe takalmi. Ban san lokacin da na ajiye farantina ba, sai ganina na yi a tsakiyar titi, ni da gwiwoyin nan nawa.

"Maƙwabciya," Douwe ya kira ni tsakanin waƙa da waƙa. "In rage?"

"Ka rage ka gani."

Ya kalli Nienke, ya ga ta tafi ɗebo kek. Ya miƙa hannu a hankali kamar yaro a tukunyar nama, ya murɗa ya wuce rabi, ya ƙara. Da suka shiga waƙar ƙarshe tagogin layin duka suka ɗauka, cokula suna tafiya da kansu a kan tebura, kare ya shige ƙarƙashin mota. Douwe ya rufe ido, kansa na kaɗawa, fuskarsa ta koma ta saurayi. Daidai bugun ƙarshe sai Firji ya yi wani irin kuka, kamar an yaga tsohon zani, ya yi shiru.

Nienke ta taho da gudu, kek a hannu. "Me na ce maka, Kawu?"

"Kin ce rabi." Yana dariya, hawaye na bin kumatunsa. Ya dafa gefen akwatin. "Ƙyale shi, 'yata. Ya riga ni ne kawai."

Bai sake saukowa titi ba. Samarin layi suka ɗauke shi da kujerarsa suka hau da shi, Firji kuma aka tura shi ƙarƙashin matakala don babu mai ƙarfin mayar da shi sama. Kullum da safe nakan hau masa da gahawa. Yakan rungumi jitar ba waya, ya riƙa taɓa ta, sautin bai fi na ƙudan zuma ba. Ya ba Nienke 'yar amfilifayar ta ba duk yaron da ta ga yana da hannu, amma da sharaɗin ya kasance yana da maƙwabciya mai haƙuri. Na ce to ba irina ba.

Ganye ya fara ja, sanyi na ƙaratowa, lokacin da ya tafi. Da safe ne, na hau da gahawa na same shi a kujerarsa ta bakin taga, jita a cinya, rana a fuskarsa. Na zauna kusa da shi na sha nawa kofin har ƙarshe, sannan na kira Bertus. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma ba irin na ɗaci ba. Mutumin ya samu abin da ya nema.

Masu jana'iza suka zo suka auna matakala, suka fara shawarar yadda za su karkata shi. Na ce musu ba ta nan zai bi ba. Suka ce ba haka aka saba ba yanzu. Na ce gidan ya girme su, ƙugiya kuma tana nan. Aka sake cire taga. Mazan layi suka sake jeruwa, wannan karon Bertus ne a gaba, igiya naɗe a hannunsa, bai ambaci ƙugu ba.

Na tsaya a tagata da sandar tsintsiya. Akwatin gawar ya fito a hankali, ya sauko yana ɗan juyawa, har ya iso daidai fuskata. Na sa sanda zan tokare, amma iska ta riga ni, gefensa ya taɓa bango, taɓawa ɗaya mara ƙarfi. A bayana, cikin kabad, kofuna suka amsa.

"Na ji, maƙwabci," na ce.

Na tura shi ya wuce. Ina nan tsaye riƙe da sanda har igiyar ta yi sako-sako, kofi na ƙarshe ya gama rawarsa a kan farantinsa.