Abin da Malam Ɗanlarai Yake Saurara

Shekara tara ina yawo a Ƙofar Ran da iyafis a kunne, shekara tara mutane suna zaton karatun Alƙur'ani nake saurara. Ni ban taɓa faɗa ba. Ban dai musa ba. Laifin gemuna ne, da yadda nake lumshe ido ina gyaɗa kai. Har sunana ya tashi daga Ɗanlarai ya koma Malam Ɗanlarai, ana matsa min a sahun gaba, ana tare ni a hanya da tambayar rabon gado.

Abin da ke cikin ɗan MP3 ɗin nawa kuwa waƙoƙin Indiya ne na soyayya, tun na zamanin da muke haura katangar silima. Ko maiɗakina Sauda ba ta sani ba.

Wata Talata MP3 ɗin ya ɗauke. Na danna, na girgiza, na hura masa iska, na shanya shi a rana. Shiru.

"Malam, ka sayi sabo mana," in ji Sauda. "Mansir mai tura karatu a bakin masallaci zai cika maka shi da izu sittin."

To, a nan gizo ke saƙar. Sabo fanko yake zuwa. Sai in tsaya gaban Mansir, wanda ni na karɓa masa aure, in ce, "Sa min waccan da yarinyar take kuka cikin ruwan sama"? Gara gyara. Na hau keke zuwa Gwallaga wurin Chijioke mai gyaran rediyo, bisa lissafin cewa bai san ni ba, kuma ba ma haɗuwa a sahu.

Abin da na manta shi ne, mai gyara a garin nan ba ya miƙa maka kayanka sai ya gwada shi duk layi ya ji. Tallarsa ke nan.

Ranar karɓa na tarar da baƙo zaune a benci: Malam Abdulsalam, na'ibin limaminmu, ya kawo lasifikar masallaci gyara. Muka gaisa, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Alhaji, naka ya tashi!" in ji Chijioke. "Waya ne kawai ya tsinke. Bari na gwada biyu lokaci ɗaya."

Kafin in buɗe baki ya jona MP3 ɗina da lasifikar masallacinmu. Sarewa ta tashi. Sai ganga. Sai yarinyar nan ta fara kukanta cikin ruwan sama, da muryar da aka saba jin kiran asuba da ita. Mai shayi ya dakata da kofi a sama. Wani tela ya leƙo yana kaɗa almakashi.

Malam Abdulsalam ya dube ni. "Malam Ɗanlarai, wannan naka ne?"

Na dubi abin da ya raka ni jinyar basir da taron ƙarin girma guda huɗu a wurin aiki da ba a kira sunana ba. Na ce, "A'uzubillahi. Nawa baƙi ne."

"Alhaji, ja ka kawo," in ji Chijioke.

"An musanya min. Ka bincika da kyau."

"Subhanallahi," in ji Malam Abdulsalam. "Irin wannan bai kamata a bar shi a hannun jama'a ba. Kawo shi, ni zan san yadda zan yi da shi." Ya cire shi da 'yan yatsu biyu, kamar mataccen ɓera, ya jefa a aljihu.

Na koma gida da mutuncina cif. Har yau ina sa iyafis, wayarsa na shiga aljihun da babu komai, ina lumshe ido ina sauraron kukan cikina. Ana ci gaba da matsa min a sahun gaba.

Makon jiya bayan la'asar na hangi Malam Abdulsalam a gindin dalbejiya, iyafis a kunne, ido a lumshe, mutane na wucewa a hankali kada su katse masa karatu. Na tsaya na lura da yadda kafaɗarsa ta hagu ke motsi. Waƙa ta bakwai yake ji. Ta takwas ta fi daɗi, amma ba ni da bakin faɗa masa.