Sunayen da Yakaka Ta Hana Takarda

Yakaka tana juya kifi a kan banda sa'ad da jikarta Saudatu ta shimfiɗa wata takarda a tabarma: zanen bishiya, kowane reshe da gurbin suna. Daga Amurka ta zo da ita, inda take aikin jinya. Maƙwabciyarta, wata mabiyar cocin Mormon mai son adana tarihin dangi, ita ta ba ta. A zuriyar kuwa Yakaka kaɗai ta rage da ta san jerin kakanni tun daga Tafkin Chadi har Haɗeja, ga shi ta ba tamanin baya.

Sai dai tsohuwar ba a duhu take ba. Tuni ɗanta Fatihu ya shaida mata cewa mutanen nan sukan shiga ruwa a yi musu baftisma a madadin matattun da suka samu sunayensu.

Saudatu ta gyara zama kamar mai lacca. Ta ce a 1830 aka kafa cocin, da aka kashe wanda ya kafa shi sai mabiya suka rabu. Mafi yawa suka nausa yamma zuwa Utah, su ne masu wannan al'ada. Wasu suka bi ɗan marigayin, su ba sa yi, kuma maƙwabciyarta cikinsu take.

"Ita takardar wane ɓangare take bi?" in ji Yakaka. "Yau tana hannun maƙwabciyarki, gobe fa?"

Saudatu ta ce tsoro take ji 'ya'yanta su tashi can ba su san daga inda suka fito ba.

"Ninke ta, 'yar boko. Da ka na ɗauko su, da ka za ki ɗauka."

Ta fara daga Mala Bukar mai kwalekwale, ta gangaro ta garin Kirikasamma. Saudatu tana maimaitawa, tana tuntuɓe, Yakaka tana gyara mata da tsaki, ko sau ɗaya ba ta yi shakka ba. Kaka shida suka wuce lafiya.

Da aka iso kan mijinta, Yakaka ta koma juya kifin da bai buƙaci juyi ba. Shekara hamsin suka yi da aure, ga goma da rasuwarsa, bakinta bai taɓa kama sunan nan ba.

"Zaharaddeen," in ji Saudatu a hankali.

Wannan karon Yakaka ba ta gyara mata ba.