Cigiya a Bakin Tekun Rizhao

Ni ce na dage sai mun tafi da yaran. Geng, mijina, ya ce kan tirela ba wurin yara ba ne. Na ce ni ma da ya ajiye a ciki shekara da shekaru ai ba a ciki aka haife ni ba. Ya ƙyale ni, don ya san idan na fara ba na tsayawa.

Aikinmu ke nan tun 'yarmu Wenwen tana rarrafe. Shi ya tuƙa, ni in nemo mana lodi ta waya, in ɗaure tamfol, in dafa abinci a gefen titi, in yi gadin tankin mai idan ya kwanta. Yaran kuma suna ƙauyenmu a lardin Henan, wurin mahaifiyarsa. Sai bikin sabuwar shekara muke ganinsu, kuma kafin su gama sakin jiki da mu mun tayar da mota. Ƙanenta Dundun shekararsa huɗu, duk wanda ya ba shi alewa ya zama nasa. Wenwen ce damuwata. Shekararta bakwai, kuma ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Wata uwar sai ta ce abin alfahari ne. Ni kuwa na sha ganin yadda take zumɓura wa kakarta baki ta ce ba za ta ci kabeji ba ko za a yanka ta. Idan ni na zuba mata, sai ta karɓa da hannu biyu ta cinye tas, yadda yaro ke yi a gidan mutane. Abin yana ci mini rai. Na ƙudurta cewa kafin wannan dogon hutun makaranta ya ƙare sai yarinyar nan ta zama tawa.

Ranar tafiya Inna, uwar mijina, ta biyo mu har bakin titi da ƙullin dafaffen ƙwai.

"Ba ta shan ruwan sanyi, tari yake sa ta," in ji ta. "Kuma idan kika ga tana murza kunne, fitsari take ji. Ba za ta faɗa ba."

"Inna, ni fa na haife ta."

"Na ce ba ke kika haife ta ba? Kunnen dai ki riƙa dubawa."

Na yi wa yaran alkawarin teku. Babu wanda ya taɓa ganinsa a gidanmu, har ni da na zaga rabin ƙasar nan, iyakata bayan katangar tashar jiragen ruwa. Sai dai tirela ba inda mai ita ke so take zuwa ba, inda kaya suka ce nan take nufa. Tafarnuwa ta kai mu yamma. Daga can kankana ta ja mu arewa, daga arewa buhunan taki suka maido mu tsakiya. Kullum Dundun ya leƙo daga ɗan gadon da ke bayan kujeru ya tambaya ko an kusa, kullum ubansa ya ce saura kaɗan, alhali muna ƙara nisa da ruwan ne.

Shi Dundun duniya ta yi masa daɗi. Ya koyi zagin masu ƙananan motoci da ke yanko mana hanya, ya koyi cin taliya a tsugune a gindin taya. Wenwen kuwa ta samu lungunta jikin taga, ta ɗora hannuwa a cinya, tana kallon gonaki suna wucewa. Na saya mata hula mai faɗin baki, ta sa. Na yi mata kitso, na ja gashin da ƙarfi ban sani ba, ba ta ce uffan ba. Sai daga baya na hango ta ta madubi tana sassauta shi a hankali don kada in gani.

Wata rana muka maƙale a cunkoso a kan babbar hanya, rana na dukan gilashi, ni ina ta ciniki da wani mai kaya a waya. Ban duba kunne ba. Da muka samu wurin tsayawa sai na tarar ta jiƙa wandonta, ta cire ɗan tawul ɗinta ta shimfiɗa a kan katifa don kada ta ɓata mana. Na ce, "Haba Wenwen, me ya hana ki gaya mini?" Ta ce, "Kina aiki ne." Na wanke wandon a famfon gidan mai ina kuka, direbobi na wucewa suna tsammanin Geng ne ya yi mini wani abu.

Da yamma, idan na kunna risho, sai ta karɓi wayar ubanta ta koma inuwar mota ta kira kakarta. Nan ne ake jin muryarta. Surutu kamar an buɗe famfo, da dariya, da ƙarar Dundun, da tambayar ko kazarta ta fara ƙwai. Ina yanka albasa ina sauraro. Da ta miƙo wayar sai bakin ya rufe.

Har tsokanarta na yi. Na jera mata kabeji safe da rana, ina jira ta ture kwanon. Ta cinye.

"Ke dai ba ki da lafiya," in ji Geng. "Yarinya tana miki biyayya, ke kina neman ta da faɗa."

"Kai me ka sani? Sitiyari kawai ka iya."

"To ai shi ke ciyar da mu."

Hutu ya kusa ƙarewa sannan muka samu lodin da zai kai mu Rizhao, garin da ke bakin teku. Na karɓe shi ko ciniki ban tsaya yi ba. Manyan motoci ba sa bin titin bakin ruwa, kuma Geng dole ya bi layin sauke kaya, wanda ba a san ranar ƙarewarsa ba. Saboda haka ni kaɗai na kwashi yaran muka hau bas.

Ban taɓa ganin taron mutane irin wannan ba. Lema a jikin lema, yara da tayoyin iyo a ƙugu, tsofaffi an binne su cikin yashi sai kai. Muka kutsa har inda ruwa ke lasar ƙafa. Wenwen ta tsaya cak. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kama gefen rigata, ita da kanta, ba ni na miƙa mata hannu ba.

"Ina ƙarshensa?" ta tambaya.

Na ce ban sani ba. Ta ɗago ta dube ni, ta yi dariya, wai babba guda ba ta sani ba. Raƙumin ruwa ya zo ya dake mu har gwiwa, ta yi ihu ta ƙanƙame ni. Daɗin da na ji a lokacin ba zan iya faɗarsa ba. Na ce a raina, yau kam an fara.

Sai waya ta yi ƙara. Mai kaya ne, yana da lodin kifi da zai bi ta kusa da garinmu. Idan tirela ta sauke kaya ba ta da na komawa, asara ce tsagwaronta, kuma irin wannan lodin ba ya jiran kowa. Na ce wa Wenwen ta tsaya nan kada ta motsa. Na saɓi Dundun, na matsa baya inda hayaniya ta yi sauƙi, na toshe kunne ɗaya. Mutumin mai taurin kai ne, ni ma haka. Da muka daidaita na juyo, babu Wenwen.

Na fara kiranta a hankali, don kada in tara jama'a. Daga nan na daina jin kunya. Na bi bakin ruwa a guje da Dundun a kafaɗa, ina leƙa fuskar kowace yarinya mai hula. Hulunan duk iri ɗaya ne, a gefen titi ake sayar da su. Na shiga ruwa har ƙugu da kayana. Na kama wani mutum na ce ya duba mini ƙarƙashin tayarsa, ya ɗauka mahaukaciya ce. Na kira Geng, ya ce idan ya fita daga layi ba mai matsar da motar, ya fara ihu, na kashe. Ban san ta inda zan fara ba, ruwan ba shi da iyaka, mutanen ma haka.

Duk wannan lokaci lasifika na ta magana a kan wani dogon ƙarfe. "Cigiya, cigiya. Meng Guizhi, yarinyarki tana rumfar masu ceto, ki zo ki ɗauke ta." A jima kaɗan a sake. Tun ina ji da rabin kunne har abin ya fara ba ni haushi. Na ce wace irin sakaryar uwa ce wannan, an tsinci 'yarta ana ta kiranta, ta je ta shantake a wani wuri. Ni da a ce tawa aka tsinta! Har na zage ta a fili, wata tsohuwa da ke kusa ta taya ni.

Sai da ƙafafuna suka gaji, murya ta dushe, sannan na yi tunanin in je rumfar nan ni ma a yi mini cigiya. Na isa ina ɗigar ruwa. Ga Wenwen zaune a kan kujerar roba, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, an ba ta ruwan kwalba ta riƙe ba ta sha ba.

Na dire Dundun na rungume ta. Matar da ke riƙe da abin magana ta taso.

"Ke ce Meng Guizhi? Haba 'yar'uwa, maƙogwarona har ya bushe."

"Ba ni ba ce."

"To ke wace ce?"

"Uwarta ce."

Ta sa hannu ta ɗan janye yarinyar daga jikina. Ban ga laifinta ba, aikinta ke nan. Ta durƙusa ta ce, "'Yan mata, kin san wannan?"

Wenwen ta gyaɗa kai. "Mamata ce."

"To wace ce Meng Guizhi?"

"Kakata."

Na tsaya baki buɗe. Shekara goma ina auren ɗan matar nan, ina cin abincinta, ta rainar mini yara biyu, ban san sunanta ba. A wurinmu matar ɗa ba ta kama sunan uwar miji. Inna nake ce mata, ƙauye na ce mata tsohuwar gidan Geng, mijinta ma har ya mutu "ke" yake ce mata. Wataƙila na taɓa ganin sunan a rubuce lokacin aurenmu, ban riƙe ba. Ashe ita na yi ta zagi a bakin ruwa.

"Na tambaye ta sunan wanda za a kira," in ji matar. "Wannan ta ba ni. Ita kakar tana ina?"

"Tana Henan."

Matar ta dubi Wenwen. "Kin san ba ta nan, kika ce a kira ta?"

Wenwen ta sunkuyar da kai tana wasa da murfin kwalbar. "A makaranta idan aka kira sunan nan, zuwa ake yi."

Matar ta duba katin shaidata, ta sa Wenwen ta faɗi sunan ubanta da na ƙauyenmu, ta faɗa daidai, aka sallame mu.

Muka fito. Rana ta yi sanyi, mutane sun fara naɗe lema. Waya na ta ƙara a aljihuna, na san Geng ne, kuma na san da ya ji an same ta zai ce mu hanzarta, kifi ba ya jira. Gobe ko jibi za mu sauke yaran a ƙofar gidan Inna, sai kuma sabuwar shekara. Na zaunar da ita a kan wani dakali ina kakkaɓe mata yashi daga tsakanin yatsun ƙafa. Ban yi niyyar tambaya ba, bakina ne ya riga ni.

"Wenwen, ni kin san sunana?"

Ta shiga tunani da gaske, tana so ta ba ni amsar da ba za ta ɓata mini rai ba. Sai fuskarta ta washe, ta tuna.

"Maman Dundun," ta ce.

Haka ubanta ke kirana, haka duk ƙauyen ke kirana tun ranar da na haifi namiji. Na ce mata ta yi daidai. Na sa mata takalmanta, na ɗauki Dundun, muka tafi neman bas.