Kwantaccen Cikin Miluda

Shekara biyu ke nan da teku ta cinye Lahsan a hanyar Sifen, amma matarsa Miluda ba ta fita takaba ba. Ina za ta fita, ga ciki ya turo gaba, ruwan nono na jiƙa mata riga, al'ada kuwa ta ɗauke tun ranar da labarin ya iso? Surukarta Lalla Zuhur ta riga ta yanke hukunci: firgita ce ta kwantar da cikin, kuma babu fita takaba sai ya tashi an haife shi. Tsohuwar nan ko akuya ba ta bari ta bar gidanta da ciki, balle matar ɗanta.

Da yayan Miluda ya kai ta asibiti a garin Bani Mallal, likita ta haska cikin ta nuna mata. Wayam, babu kowa. Ta ce baƙin ciki da ƙishin haihuwa ne suka hargitsa sinadaran jikinta, sinadarin da ke kawo nono ya yi yawa har ya tsayar da jini. Ta ba ta ƙwayoyi, ta ce ta riƙa zuwa suna zantawa.

Lalla Zuhur na murza kuskus ta hango kwalin.

"Uban me ke cikin wannan?"

"Magani ne, Lalla. Likita ta ce babu yaro."

"A gidan ubanta ne babu yaro! Inji ne zai ga ɗan da ke barci? Ke dai faɗi gaskiya, namiji kike so. Ruwa ya ci mini ɗa, ke ki ci mini jika?"

"Ni ma ai ruwan ya ci mini miji! Har yaushe zan zauna cikin fararen kayan takaba kamar gawa?"

"Haɗiyi ɗaya ki gani, 'yar marasa mutunci."

Miluda ta haɗiya tana kallon ƙwayar idonta, ko ruwa ba ta nema ba. Ta tsani matar nan har cikin ranta.

Kafin a gama tsinkar zaitun cikin ya sace, jini ya dawo. Lalla Zuhur ta watso mata kaya tsakar titi, tana shelanta wa maƙwabta cewa ga wadda ta kashe ɗan Lahsan. Miluda na tattarawa, sai wata 'yar hular ulu ta jariri ta faɗo. Tsohuwa ta kai hannu.

"Wannan ta jikana ce, ba taki ba."

Miluda ta fizge ta ƙanƙame a ƙirji, kuka ya ƙwace mata.

"Sakar mini! Ni na saƙa masa."