Gwaggo Ta Zaɓar Mana Mai Sayen Gida

Wata biyar ni da Yayana muka yi muna gyaran gidan marigayi Babanmu kafin mu sa shi a kasuwa. Muka sake wayoyin wuta da bututun ruwa, muka shimfiɗa tayil a kicin, muka faɗaɗa tagogin baya. Gaban gidan ne kawai ba mu taɓa ba, don tsohuwar unguwa ce, an hana kowa canza fuskar gininsa. Ƙofar katakon nan mai nauyi mai kawai muka shafa mata.

Ashe akwai sauran aiki. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, wadda muke kira Gwaggo, tun ranar da dillali ya kafa allonsa ta fito da kujera bakin titi ta zauna.

Wani ɗan kasuwa ne ya fara zuwa. Yana shiga tsakar gida ya nuna bishiyar lemo ya ce, "Wannan sare ta za a yi, motoci biyu gare ni."

Da zai fita, Gwaggo ta yafito shi. "Ɗana, an ba ka labarin ɓerayen gidan nan? Kowanne ya kai mage."

Bai sake waiwayowa ba. Yaya ya je gabanta ya durƙusa. "Haba Gwaggo, wane ɓera kuma? Gidan da ko kyankyaso babu!"

"Ni zan zauna da masu sayen, ni zan zaɓa," ta ce tana gyara tabarau.

Mutum uku ta kora a haka, har dillali ya fara maganar cire allonsa.

Ranar wata Asabar sai ga wata malamar asibiti da mijinta, wani dogon tela, da 'ya'yansu mata biyu. Telan bai sunkuya ba, goshinsa ya bugi saman ƙofa, gwam! Yaran suka kwashe da dariya, shi ma ya taya su yana murza wurin.

"Sai ka sa a ɗaga ta ke nan?" Gwaggo ta tambaya daga kujerarta.

"A'a, Mama. Ƙofar nan ta girme ni, ni zan dinga rusuna mata."

Gwaggo ta miƙe. Da kanta ta zagaya da su ɗaki ɗaki, dillali na binta a baya kamar shi ne baƙon. Ta nuna wa malamar inda rana ta fi daɗewa saboda shanya, ta zaɓar wa telan ɗakin da ya fi haske don keken ɗinkinsa.

Ranar sa hannu ta ciro wani mabuɗin gidan daga ƙasan jakarta, wanda mahaifiyarmu ta ba ta ajiya tun ba a haife ni ba. Ta miƙa wa malamar. Ita kuwa ta jujjuya shi, ta mayar mata a tafin hannu.

"Ci gaba da riƙewa, Mama. Yaran nan kullum sai sun yar da nasu."

Yaya ya juya baya yana share ido, wai warin fenti ne ya dame shi.