Ladan Zura Zare a Allura

"Umma, wancan mutumin shi ma a kofi yake ajiye haƙoransa irin na Kaka?"

Da ƙarfi Tsigi ta yi tambayar, a ɗakin jiran likitar haƙori, tana nuna wani dattijo da yatsa. Na danne hannunta, na ba shi haƙuri. Tsigi muke ce wa 'yata saboda ƙanƙanta da surutu. Shekararta shida, kuma tun makon jiya take tauna abinci da gefe guda.

Na kasa zama. In tashi, in leƙa ƙofa, in dawo. Safe da yamma ni da kaina nake riƙe mata burushi. Lemon kwalba ba ya shiga gidana. To ta ina ɓarawon ya shigo?

Likita ta haska bakin, ta kira ni in gani. Wani baƙin ɗigo ne a kan mataunin ƙarshe, ƙasa ta hagu.

"Wannan ba na nono ba ne, Maman Tsigi. Sabo ne, da shi za ta tsufa. Yanzu zan iya cike ramin. Idan ya kai jijiya, sai dai wata maganar."

"Likita, wallahi ina goge mata."

"Na gani, sauran tas suke. Shi ya sa nake tunanin akwai abin zaƙi da ke daɗewa a wannan lungun kullum. Daɗewar ta fi yawan ɓarna. Ki bincika, in ba haka ba cikon banza za mu yi."

A hanya na tambayi Tsigi, ta ce ita ba ta san komai ba, tana kallon takalminta. Na zargi mai shagon bakin makaranta. Na zargi maƙwabciyata. Na tsare babanta, ya ce, "Ni da kika hana ni sukari a nawa shayin?"

Bayan an tashi makaranta, a shagon ɗinkin mahaifina take zama har in taso daga aiki. Washegari na nemi izini na fito da wuri. Na tsaya daga bakin ƙofa, bayan rigunan da aka rataya.

"Amarya, zo ki taimaki mijinki," in ji Baba, yana miƙa mata allura da zare. Idonsa ya yi rauni, ramin allura ya daina ganuwa gare shi.

Ta lashi bakin zaren, ta zura shi tashi ɗaya. Baba ya buɗe gwangwanin maɓallai, ya tono alewa daga ƙasa. Ta jefa a baki, ta tura ta da harshe can kuncin hagu, ta bar ta a nan. Kafin waccan ta narke, zaren keken ɗinki ya tsinke, ta zura, aka sake biyan lada.

"Baba!"

Ya zabura har almakashi ya faɗi. "Ke, haka ake sallama?"

Na durƙusa na gaishe shi, sannan na faɗa masa abin da likita ta ce.

"Haƙorin yara ai faɗuwa yake yi. Ke ma kin sha alewar nan."

"Wannan ba zai sake fitowa ba, Baba. In ya tafi, ya tafi."

"Me ya sa ba ki tauna ta ki haɗiye ba?" na tambayi Tsigi.

"Kaka ya ce in ɓoye a kumatu, kada ki gani."

Baba ya sunkuyar da kai yana gyara ƙyallen da ba ya buƙatar gyara. Can ya ce, a hankali, "To sai ki daina kawo min ita ke nan?"

Abin da nake tsoro ke nan tun ina bakin ƙofa. In na ɗauke ta, na ɗauke masa ido da abokiyar hira. In na bar ta, haƙorin ya tafi.

"Zan kawo ta. Amma a canza lada."

"Ni ba na aikin kyauta," in ji Tsigi.

"Ji min 'yar nema!" Baba ya yi dariya har da tari. "To me kike so, uwar gida?"

Ta zagaya shagon da ido, ta nuna buhun ragowar ƙyalle. Kowane zare da ƙyalle ɗaya, in sun taru ya ɗinka wa 'yar tsanarta riga. Na juye gwangwanin a kan tebur, na tsince alewar daga cikin maɓallai, Baba yana kallo kamar ana kwashe masa gado. Aka cike haƙorin a ƙarshen makon. Har yanzu nakan faɗo shagon ba sanarwa, in taɓa kuncinta da yatsa.

Ke da kike goge wa ɗanki baki safe da yamma kina ganin kin gama, ki je inda yake wuni, ki ga abin da masu ƙaunarsa suke sa masa a baki. Ki ɗaga kansa wajen haske ki duba na can ƙarshe, kada ki jira sai ya fara tauna da gefe guda.