Minti Uku na Shiru

…uku kacal. Duk rabin awa, minti uku, kowa ya ɗauke yatsa daga maɓallin rediyo, ya kame bakinsa, ko akwai mai raunin murya can tsakiyar teku yana neman ceto. Tsohuwar ƙa'ida ce, 'yan yanzu ko saninta ba su yi ba. Noeline dai tana kiyayewa. Biyu da rabi na rana, ita kaɗai a ɗakin rediyon 'yan sa-kai masu ceto a teku, shayi ya huce, layi na sha shida sai shuuu…

Layin neman ceto ne, ba dandali ba. Ɗazu ma sai da ta wanke wani tas: "Kai mai farin jirgi, kai labarin kifinka wani layin, nan ba mashaya ba ce!" Wai ita. Yau ita ce mai koya wa mutane ladabi —

Matashin kujera, shekarun baya. Abin maganar rediyo ya faɗa ƙarƙashin matashi a jirginsu, Des mijinta ya ɗora wannan uban jiki nasa, maɓalli ya danne, a kan wannan layin. In ka danne, kai kaɗai ake ji, kai kuma ba ka jin kowa. Minti arba'in. Tana suyar kifi tana masa tsiya, "Tsoho, ƙugiyarka ko takalmi ba ta kamowa!" yana ƙyaƙyatawa… gaɓar nan kaf ta kasa kunne. Da suka dawo har tafi aka yi musu. "Noeline, gishirin ya ji kuwa?"

Da yamma aka tsinci jirgin abokinsu Merv a kife bayan tsibiri. Merv sarkin ƙa'ida, ba ya fita sai ya faɗi mutum nawa, ƙarfe nawa zai dawo. Ya kira a waɗancan mintuna arba'in? Mayday, kiran ceto, sau uku, sunan jirgi sau uku, a nutse, yadda aka koyar… ita kuwa tana cigiyar gishiri a kan muryarsa?

Masu bincike suka ce ba a sani ba. Ba a sani ba! Shekara goma sha ɗaya ke nan. Des ya tafi kabari da maganar a baki. Glenys matar Merv har yau tana kawo biskit duk Talata, "Ci mana, ƙawata, kin rame" — ba ta taɓa tambaya ba. Da ma zagi ta yi, da ma mari…

Tsaya. Ƙas. Wani abu ƙarƙashin shuuu ɗin. Numfashi? Jirgi shida ne a waje yau, duk ta san masu su. Ta amsa? In ta danna, ta binne shi. In ta yi gum, ya zaci babu kowa, ya saki…

Shuuu ɗin ma ya ɗauke. Tsit. Yaushe teku ta taɓa yin tsit haka?

Ta dubi hannunta. Jar fitilar aika magana na ci. Babban yatsanta a kan maɓalli, har ya yi fari.

Tun yaushe…